Tallafin Gwamnati Kan Ambaliya da Guguwa a Nijeriya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa kwana yana kwashe ruwa daga ɗakinsa da bokiti, ko ya wayi gari ya tarar da kwanon rufinsa a gonar maƙwabci, ya san cewa maganar ambaliya da guguwa ta wuce labarin da ake ji a rediyo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda magidanta da manoma da shugabannin unguwanni suka fi yi game da abin da gwamnati ta tanada, da ƙofar da ya kamata a buga, da kuma lokacin da ya dace a buga ta.

Idan aka ce tallafin rage ɓarna, ana nufin kayan agajin da ake rabawa ne?

A'a, akwai bambanci, kuma rashin fahimtar wannan bambanci yana jawo wa al'umma asara mai yawa. Kayan agaji, irin su shinkafa da masara da katifa da bargo da gidan sauro, ana kawo su ne bayan ruwa ya riga ya ci gida. Tallafin rage ɓarna kuwa shi ne duk abin da aka kashe tun ruwa bai zo ba domin idan ya zo ya tarar an shirya masa: gina magudanar ruwa da kwalbati, yashe koguna, ɗaga jinga a bakin gari, gyaran madatsun ruwa, cike kwarin da zaizayar ƙasa ta haƙa, dasa itatuwan kare iska, sanar da jama'a hasashen damina, da mayar da mazauna kwari zuwa tudu.

Mafi yawanmu mun fi sanin na farkon, saboda shi ne ake gani a bayan tirela ana ɗaukar hoto. Amma buhun shinkafa ɗaya ba ya mayar da rumbu uku da ruwa ya tafi da su, kuma bandir biyu na kwano ba sa tayar da gida mai ɗaki shida. Saboda haka amsoshin da ke biye sun fi karkata ga abin da ake yi kafin ɓarna.

Waɗanne hukumomi ne ke da hannu a wannan aiki?

A matakin tarayya akwai Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, kuma dokarta ta ɗora mata shirin tunkarar bala'i da rage illarsa baya ga rabon agaji. Kowace jiha ana son ta kasance da tata hukumar, wadda aka fi sani da SEMA, sannan kowace ƙaramar hukuma ta kafa kwamitin agajin gaggawa nata. Wannan mataki na ukun shi ne mafi kusa da jama'a, shi ne kuma mafi rauni, domin a wurare da yawa sai ruwa ya yi ɓarna ake tuna cewa akwai kwamitin.

Hukumar NiMet tana kula da hasashen yanayi, NIHSA kuma tana auna ruwan koguna da hasashen ambaliya. Hukumomin raya kogunan ƙasar, kamar ta Haɗeja da Jama'are da ta Sakkwato da Rima da ta Tafkin Chadi, su ke riƙe da yawancin madatsun ruwa na noman rani. Ma'aikatun muhalli da na ayyuka na jihohi, tare da hukumomin tsara birane, su ke da alhakin magudanan cikin gari da hana gini a kan hanyar ruwa. A arewa maso gabas kuma akwai Hukumar Raya Yankin, NEDC, da aka kafa a 2017 mai hedikwata a Maiduguri.

Daga ina kuɗin waɗannan ayyuka ke fitowa?

Babbar hanyar da doka ta tanada ita ce Asusun Kula da Muhalli, wanda aka ƙirƙira a 1981 domin magance ambaliya da zaizayar ƙasa da kwararowar hamada da fari da gurɓatar muhalli. Ana cire shi ne daga asusun tarayya a duk lokacin da aka yi rabon arzikin ƙasa na wata-wata. A tsarin da ake bi, gwamnatin tarayya tana karɓar kashi 1 cikin 100, jihohi suna raba kashi 0.72, ƙananan hukumomi 774 kuma suna raba kashi 0.60. Daga cikin kason tarayya doka ta ware wa NEMA kashi 20 cikin 100, sauran kuma ana rarraba shi tsakanin wasu hukumomi da ofishin ayyukan muhalli da ke ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya.

Abin lura a nan shi ne cewa kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma tana da rabo a wannan asusu kowane wata, ko an yi ambaliya ko ba a yi ba. Idan shugaban ƙaramar hukuma ya ce wa jama'a yashe magudanar ruwa aikin Abuja ne, bai faɗi dukan gaskiya ba. Gaskiya ne kuɗin da ke zuwa ƙaramar hukuma ɗaya ba zai gina dam ba, amma zai iya sayen buhunan jinga, ya biya hayar motar kwashe yashi, ya gina kwalbati biyu ko uku a shekara. Matsalar da aka daɗe ana kuka da ita ita ce kuɗin yakan shige cikin sauran kuɗaɗen gwamnati ya ɓace a hidimomin yau da kullum, kuma Majalisar Wakilai ta sha buɗe bincike a kan yadda ake kashe shi. A ganina wannan asusu shi ne abu na farko da ya kamata kowace ƙungiyar ci gaban gari ta riƙa tambaya a kansa, da sunansa, a gaban shugabanni.

Baya ga wannan akwai kasafin kuɗin shekara na ma'aikatu, da ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, da rancen Bankin Duniya, da kuma kuɗin gaggawa da shugaban ƙasa kan amince a fitar idan bala'i ya yi girma.

Shin gwamnati tana sanar da mutane kafin ruwa ya zo?

Tana yi. A farkon kowace shekara NiMet tana fitar da hasashen damina, wanda ke nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a kowane yanki, da yawansa, da inda za a iya samun tsaikon ruwa a tsakiyar damina. Bayan haka NIHSA tana fitar da rahotonta na shekara kan ambaliya, inda take jera jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin babban haɗari da na matsakaici, da watannin da haɗarin zai fi tsanani. Sannan NEMA takan rubuta wa gwamnoni tana ankarar da su.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin ofishin gwamna da kunnen mai gona a bakin kogi. Rahoton da aka ƙaddamar a ɗakin taro a Abuja da Turanci ba zai amfani matar da ke kwana da 'ya'yanta a ɗakin ƙasa a gangare ba, sai an fassara shi, an karanta a gidan rediyo, liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, mai shela ya zaga da shi ranar kasuwa. Duk mai wayar da ke shiga intanet zai iya duba ko ƙaramar hukumarsa tana cikin jerin, kuma ya kyautu ya kai labarin ga mai unguwa da dagaci tun kafin watan Yuni. A tuna kuma cewa rashin ganin sunan gari a jerin ba ya nufin an tsira, domin ruwan sama na dare ɗaya yana iya yin abin da kogi bai yi ba, kamar yadda aka gani a Jibiya ta Jihar Katsina a Yulin 2018, inda mutane fiye da 40 suka rasu.

Ni kaɗai zan iya neman kuɗi in ƙarfafa gidana kafin damina?

Yawancin shirye-shiryen an tsara su ne domin al'umma, wato unguwa ko gari ko ƙungiyar manoma, saboda haka magidanci ɗaya da ya je ofis yana neman kuɗin ɗaga harsashin gidansa da wuya ya dawo da wani abu. Hanyar da ta fi ɓillewa ita ce a haɗa kai a nemi aikin da zai kare gidaje da yawa a lokaci guda.

Unguwarmu tana malalewa kowace damina. Ta yaya za mu nemi a yi mana magudanar ruwa ko jinga?

A fara da takarda, kuma a fara da wuri. Buƙatar da aka faɗa da baki a wurin ɗaurin aure ko a gaban ɗan siyasa lokacin yaƙin neman zaɓe ba ta da fayil, abin da ba shi da fayil kuwa ba ya shiga kasafin kuɗi. Takardar ta fito daga ƙungiyar unguwa ko ta ci gaban gari, mai unguwa da dagaci ko hakimi su sa hannu, a miƙa ta ga shugaban ƙaramar hukuma ta hannun kansila, a kuma kai kwafi ga ma'aikatar muhalli ta jiha da SEMA da ɗan majalisar jiha da na tarayya masu wakiltar yankin. Duk inda aka kai, a nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a dawo da shi gida.

Abin da ke cikin takardar ya fi tsawonta muhimmanci. A faɗi daga ina ruwan ke fitowa da inda yake tsayawa, gidaje nawa ya shiga a bara da bara waccan, ɗakuna nawa suka faɗi, ko akwai makaranta ko asibiti ko maƙabarta ko kasuwa a hanyarsa. A haɗa da hotuna masu kwanan wata. Alamar da ruwa ya bari a jikin bango hujja ce babba: a tsaya kusa da ita da sanda ko ma'auni a ɗauki hoto kafin a yi sabon yaɓe. Na taɓa ganin wani dattijo da ya riƙa zana layi da gawayi a bangon zaurensa duk shekara a daidai inda ruwa ya tsaya, yana rubuta shekarar da ajami a gefe. Ranar da injiniyoyi suka zo duba unguwar, a gaban wannan bango suka fi daɗewa, domin layuka biyar ɗin sun nuna musu yadda ruwan ke ƙara hawa tun daga shekarar da aka cike kududdufin bayan unguwa aka yanka filaye.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Gwamnoni sukan gabatar da kasafin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, kuma jihohi da dama suna shirya taron jin ra'ayin jama'a kafin nan. Wanda ya kai kokensa a Satumba ko Oktoba, alhali shaidar ɓarna tana nan ɗanya kuma ana cikin rubuta kasafi, ya fi wanda ya kai a Yuli ruwa na zuba damar samun biyan buƙata. Aikin siminti kuwa da rani ake yin sa.

Wani abin da ke ƙara wa takarda nauyi shi ne al'umma ta nuna abin da ta yi da kanta. Unguwar da ke fita aikin gayya tana yashe kwatocinta, ta hana zuba shara da ledoji a lambatu, ta tara kuɗin yashi da buhu, ta fi saurin samun wanda zai saurare ta idan ta ce abin da ya rage ya fi ƙarfinta.

Mene ne NEWMAP da ACReSAL da ake yawan ambata?

Dukansu shirye-shirye ne na gwamnatin tarayya da jihohi da kuɗin rancen Bankin Duniya. NEWMAP ya fara ne da dala miliyan 500 da aka amince da su a 2012, da nufin magance manyan kwaruruwan zaizayar ƙasa, musamman a kudu maso gabas, daga baya aka ƙara masa kuɗi ya bazu zuwa jihohi 23, ciki har da wasu na arewa, kafin a rufe shi a 2022.

ACReSAL shi ne ya biyo baya, kuma shi ya fi shafar arewa kai tsaye. An amince da dala miliyan 700 dominsa a Disambar 2021, ya ƙunshi jihohin arewa 19 da Babban Birnin Tarayya, kuma burinsa shi ne farfaɗo da hekta miliyan 1 ta ƙasar da ta lalace. Ayyukansa sun haɗa da gyaran kwari da magudanai, da ƙananan madatsun tara ruwa, da dashen itatuwa, da bai wa ƙungiyoyin manoma bashi mai juyawa. Hikimar da ke cikinsa ita ce kallon ruwa tun daga inda ya faro: idan an sare itatuwan tudu, ƙasa ta zama fako, ruwan da ya kamata ya nutse sai ya gangaro gari gaba ɗaya ɗauke da yashi, ya cike magudanar da aka kashe miliyoyi wajen ginawa. Kowace jiha tana da ofishin shirin, galibi a ƙarƙashin ma'aikatar muhalli, kuma can ake kai buƙata. Ya kamata a riƙa tunawa cewa wannan kuɗi bashi ne da ƙasa za ta biya, don haka jama'a suna da cikakken haƙƙin tambayar ingancin aikin da aka yi musu.

Ana cewa sakin ruwan dam ne ke jawo ambaliya. Me gwamnati ke yi a kai?

Maganar tana da gaskiya a wani ɓangare. Madatsar Lagdo da ke arewacin Kamaru, wadda aka kammala a 1982, idan ta cika aka buɗe ƙofofinta ruwan yakan biyo Kogin Binuwai ta Adamawa da Taraba da Binuwai har ya haɗu da Kogin Kwara a Lokoja. An daɗe ana maganar gina madatsar Dasin Hausa a Jihar Adamawa domin ta tare wannan ruwa, kuma shekaru fiye da 40 ke nan ba a gina ta ba. Sai dai a 2022 ministan albarkatun ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, ya bayyana cewa mafi yawan ruwan da ya yi ɓarna a cikin Nijeriya ya sauka, kuma koguna irin su Katsina-Ala da Donga da Taraba da Gongola suna zuba wa Binuwai ruwa mai ɗimbin yawa ba tare da Lagdo ba.

Haɗarin da ya fi tayar da hankali shi ne na madatsar da aka bari ba gyara. Ta Bagauda a Kano ta ɓalle a 1988. Ta Alau da ke kan Kogin Ngadda ta yi ambaliya a 1994, sannan ta sake ɓallewa a daren 9 zuwa 10 ga Satumbar 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar. Duk wanda ya kwatanta wannan adadi, haɗe da dukiyar da ta salwanta da rayukan da ba su da fansa, da abin da gyaran kan lokaci zai ci, zai gane dalilin da ya sa duba lafiyar madatsu ya cancanci zama sahun gaba a kasafin kowace shekara.

A kwarin Haɗeja matsalar ta ɗauki wani salo. Tun bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana a kogin kusan duk shekara, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya taru, har ya zama ruwa kaɗan ma yana fantsama cikin gonaki da garuruwan Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja da Guri da Kiri Kasamma. Gwamnatin Jigawa da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are suna aikin yashe kogin da injinan da ke tafiya a kan ruwa, ana kuma taimaka wa garuruwa da buhunan ɗaga jinga. Aiki ne da ba a gama shi a shekara ɗaya, domin kachala tana sake tsirowa da zarar an ɗaga ƙafa.

Garuruwan da ke ƙasan madatsun Kainji da Jebba da Shiroro fa?

Su ne aka kafa wa hukumar raya yankunan madatsun samar da wutar lantarki, HYPPADEC, mai hedikwata a Minna. An yi dokarta a 2010, amma sai bayan kusan shekara goma ta fara aiki, da jihohin Neja da Kebbi da Kwara da Kogi da Binuwai da Filato, daga baya aka ƙara wasu. Tana gina magudanai da gidajen sake tsugunarwa, tana kuma raba rigunan kariya daga nutsewa ga masu shiga kwale-kwale. Mazauna waɗannan yankuna suna da wannan ƙofar baya ga ta jiha.

Manomi fa, wace kariya ke gare shi?

Hukumar Inshorar Aikin Gona ta Ƙasa, NAIC, ita ce aka tanada domin wannan. Shirin ya fara a 1987, kuma an tsara shi ne yadda gwamnati za ta ɗauki rabin kuɗin inshorar wasu amfanin gona da dabbobi, manomi ya biya rabi. Yana rufe asarar da ambaliya da guguwa da fari da gobara da ƙwari suka jawo. Dole ne a yi rajista a farkon shuka, domin ba a yi wa gonar da ruwa ya riga ya ci inshora, kuma idan ɓarna ta auku a sanar da ofishin nan da nan kafin shaida ta gushe. Manoma da yawa da suka karɓi bashin noma na banki an cire musu kuɗin inshora daga cikin bashin ba tare da sun sani ba, saboda haka duk wanda ya ci irin wannan bashi ya tambayi bankin ko shugaban ƙungiyarsa takardar inshorar tun kafin buƙatarta ta taso. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba yana iya tambayar kamfanonin takaful, waɗanda ke aiki bisa tsarin Musulunci da lasisin hukuma.

Akwai kuma kariyar da ke cikin irin shuka. A 2017 an fitar da irin shinkafa guda biyu, FARO 66 da FARO 67, waɗanda ke iya jure nutsewa a ruwa har kusan mako biyu su farfaɗo. Ga mai noman fadama a Kebbi ko Jigawa ko Neja wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma malaman gona na jiha su ne za a tambaya inda ake samun iri na gaskiya. Bayan babbar ambaliya gwamnatoci sukan raba iri da taki da injin ban ruwa domin a yi noman rani a kan damshin da ruwa ya bari, wanda sau da yawa shi ke fitar da magidanci daga yunwar shekarar.

Kullum maganar ruwa ake yi. Ina labarin guguwa?

Gaskiya ne an fi mantawa da ita, alhali iskar farkon damina tana kwashe rufin dubban gidaje da azuzuwan makarantu a arewa kowace shekara, kamar yadda ta yi a garin Bauchi a Yunin 2018. Hukumomin agaji suna lissafa ta cikin bala'o'in da suke kai wa ɗauki, kuma abin da suka fi bayarwa shi ne kwano da ƙusa da katako da siminti.

Ta fuskar rigakafi, babban abin da gwamnati ke yi shi ne dashen itatuwa. Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka yi dokarta a 2015, tana aiki a jihohi 11: Adamawa da Bauchi da Borno da Gombe da Jigawa da Kano da Katsina da Kebbi da Sakkwato da Yobe da Zamfara. Layukan darbejiya da aka dasa shekaru da dama da suka wuce a arewacin Kano da Jigawa da Katsina har yau suna karya ƙarfin iska a inda ba a sare su ba. Gandun renon itatuwa na jihohi sukan raba dashe kyauta ko da rahusa a farkon damina, kuma makaranta ko masallaci ko ƙungiya na iya nema. Sauran aikin yana hannun mai gida da kafinta: a ɗaure katakon rufi da ƙarfe ko waya a cikin ginin, a yi amfani da ƙusa mai hula, kada a bar bakin kwano ya yi tsawo a gefen gabas inda hadari ya fi tasowa, a kuma sare reshen da ya rinjayo kan ɗaki tun da rani.

Idan ɓarna ta riga ta auku, yaya ake shiga cikin waɗanda za a tallafa wa?

Idan rai yana cikin haɗari a kira lambar gaggawa ta 112. Bayan an tsira, a sanar da mai unguwa, shi kuma ya kai ga dagaci da hakimi da ƙaramar hukuma, wadda za ta rubuta wa SEMA. Jami'an jiha, wani lokaci tare da na NEMA, sukan zo su ƙiyasta ɓarnar, kuma jerin sunayen da aka rubuta a wannan zuwa shi ake bi wajen rabo. Saboda haka magidanci ya yi ƙoƙari ya kasance a wurin ko ya bar wakili, ya ɗauki hoton ɓarnar kafin ya fara gyara, ya kuma tabbatar an rubuta sunansa da lambar wayarsa daidai. A kula musamman da zawarawa da marayu da tsofaffi da 'yan haya, domin su ne aka fi tsallakewa idan ana rubuta sunan masu gida kawai.

Ba a biyan ko sisi domin shiga jerin. Duk wanda ya zo da fom yana neman kuɗi, ko ya turo saƙo yana neman lambar sirrin katin banki da sunan tallafin ambaliya, ɗan damfara ne.

Abin da ake bayarwa diyya ce?

Tallafi ne na rage raɗaɗi, kuma ba a auna shi da ƙimar abin da mutum ya rasa. Alƙaluman manyan ambaliyoyi sun nuna girman tazarar. A 2012 mutane 363 suka rasu, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu, aka ƙiyasta asarar da naira tiriliyan 2.6, alhali abin da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar na agaji naira biliyan 17.6 ne, baya ga gudummawar da kwamitin Aliko Ɗangote da Olisa Agbakoba ya tara. A 2022 mutane fiye da 600 suka rasu, sama da miliyan 1 suka rasa matsuguni. A 2024 gwamnatin tarayya ta ba kowace jiha naira biliyan 3. Bayan ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025, wadda ta kashe mutane fiye da 150 a safiya ɗaya, an sanar da naira biliyan 2 domin sake gina garin.

Diyya ta doka tana zuwa ne a wani yanayi dabam, wato idan gwamnati ta karɓi filin mutum mai halastacciyar mallaka domin aikin jama'a, kamar faɗaɗa magudana. A nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi a biya shi ƙimar gini da amfanin da ke kan filin.

Idan aka ce mu tashi daga inda muke fa?

Wannan ita ce tambaya mafi ɗaci, kuma bai kamata a yi wa masu jinkirin tashi kallon marasa hankali ba. Mutum yana zaune kusa da fadamarsa da wurin kamun kifinsa da kabarin iyayensa, sai a nuna masa fili a kan tudu inda babu rijiya, babu makaranta, babu hanya, a ce ya koma. Sauyin matsugunin da ya yi nasara shi ne wanda aka kai ruwan sha da makaranta da asibiti tun kafin mutane, aka ba kowa takardar filinsa, aka kuma bar masa gonarsa ta gangare ya ci gaba da nomawa. Al'ummar da aka yi wa tayin tashi tana da damar neman a rubuta waɗannan sharuɗɗa.

Wanda ya yi gini a kan magudanar ruwa a cikin birni ba tare da izini ba, lamarinsa dabam ne, domin gidansa ɗaya yana iya tura ruwa cikin gidaje ɗari. Kafin a sayi fili, musamman mai arha a inda dā kududdufi ne, a je a gan shi a watan Agusta, a tambayi tsofaffin unguwa, a kuma nemi izinin gini daga hukumar tsara birni.

Ta yaya talaka zai bi sawun kuɗin da aka ce an fitar?

Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa rabon wata-wata, kuma a cikin jadawalin akwai gurbin kuɗin muhalli na kowace jiha. Jihohi kuma suna sanya kasafinsu da rahoton yadda aka kashe shi a intanet. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma yana neman bayani ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma wajabta a ba shi amsa cikin kwana 7, sannan a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta shafi jihohi ma.

Tambayar da aka taƙaita ta fi samun amsa. A nemi sunan aikin, da adadin kuɗin da aka ware, da kamfanin da aka ba kwangila, da nawa aka biya shi, da ranar da ya kamata ya gama. Idan amsa ta zo, a ɗauke ta a je wurin aikin a auna tsawon magudanar da faɗinta a kwatanta da abin da ke rubuce. Idan aka ga saɓani, a rubuta wa kwamitin muhalli na majalisar jiha ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ko hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, a haɗa da kwafin amsar da hotunan wurin, a kuma ajiye kwafi ɗaya a hannun sakataren ƙungiyar unguwa.